Jitar nailan mai siririn wuya: wa aka ƙera wa ita?

Milimita huɗu kacal ne tsakanin faɗin wuyan jitar kilasik da na kurosoba, duka biyun masu tsirkiyar nailan, idan ka sa abin awo. Wuyan jitar kilasik, a can sama inda tsirkiyoyi ke hawa kan ɗan ƙashin nan kafin su isa kunnuwan ɗauri, faɗinsa milimita 52 ne. Na wadda kamfanoni ke kira kurosoba kuwa, wato gamin kilasik da jitar ƙarfe, 48 ne, ko ƙasa da haka da ɗan kaɗan. Jita mai tsirkiyar ƙarfe tana tsakanin 43 da 45. A takarda wannan bai isa a tsaya ana magana a kansa ba, amma yatsu suna jin sa tun daga kod na farko (tsirkiyoyi da yawa da ake dannawa su yi amo tare), kuma a kansa ne nake ganin mutane da yawa ke sayen kurosoba bisa dalilin da ba zai biya musu buƙata ba.

Ina da kilasik da kurosoba duka biyun a ɗaki ɗaya. A kan tsirkiyar ƙarfe hannuna ya buɗe, ina raka masu waƙa, kilasik daga baya ta zo. Kurosobar tawa matsakaiciya ce, ba ta ƙasa ba, ba ta ƙoli ba: fuskarta katakon sida ne tsantsa, wuyanta ya haɗu da jiki a gaɓa ta 12 (gaɓoɓi su ne 'yan ƙarafan da ke gicciye a kan wuya), an yanke mata kafaɗa ɗaya don hannu ya kai can ƙasa, kuma tana da na'urar ɗaukar sauti a ƙarƙashin ƙashin jaki (jaki shi ne katakon da ake ɗaure tsirkiyoyi a kan fuska) haɗe da ɗan makirufo a ciki. Kilasik ɗin da nake gwada ta da ita kusan ajinsu ɗaya, ita ma fuskar sida. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce na haɗa jitar gwanin maƙeri da ta masana'anta sannan na yanke hukunci.

Ranar da na fara riƙe kurosobar, hannun hagu ne ya fara yin godiya. Wuyan kilasik shimfiɗaɗɗe ne kamar allo, kauri ne da shi, kuma dole babban yatsa ya zauna a bayansa, a tsakiya. Wanda ya saba leƙo da babban yatsansa ta sama ya danne tsirkiya ta shida, ko ya kashe ta don kada ta yi ƙara, a kilasik sai dai ya haƙura. A kurosoba wannan dabi'a tana dawowa. Fuskar wuyan tana da ɗan doro, irin na jitar ƙarfe, shi ya sa in ka kwantar da manuniya ka danne tsirkiyoyi shida gaba ɗaya, yatsan yana bin lanƙwasarsa ta halitta, ba sai ka miƙe shi sambal ba. Kamfanin Cordoba a jerinsa na Fusion yana yin doron daidai da lanƙwasar da'ira mai inci 16 daga tsakiya zuwa baki. Ga kuma ɗigo-ɗigon alama a gefen wuya, wanda kilasik da yawa ba su da shi ko suna da ɗaya tak. Mai kilasik zai yi dariya, ya ce ai hannu ne ke sanin hanya. To, ya je ya tsaya a dandali da fitila a idonsa, mawaƙi ya sauya murya ba sanarwa, sannan mu yi maganar.

Sai dai faɗin wuyan kilasik ba don ado aka yi shi ba, kuma a nan ne nake so mai niyyar saye ya tsaya ya yi tunani. Tsirkiyar nailan kauri gare ta. Ta ɗaya, mafi siranta, ta kai kusan milimita 0.7, alhali takwararta ta ƙarfe kusan 0.3 ce. Ta uku ta ɗan haura milimita ɗaya. Bayan kauri kuma ga sassauci: jimillar jan da saitin nailan ke yi wa jita bai cika wuce kilo 40 ba, na ƙarfe kuwa yana haura 70. Tsirkiya mai sassauci in an kaɗa ta tana lilo da faɗi, tana buƙatar fili a gefenta da ƙarƙashinta. Saboda haka milimita 48 da nailan bai ba ka sararin da kake zato ba. Kaurin tsirkiyoyin ya cinye yawancin abin da aka ƙara maka a kan wuyan jitar ƙarfe. Idan kod kake dannawa kana shara, ba za ka lura ba. Amma ɗauki irin atisayen da tsoffin malaman jita irin su Sor ko Carcassi suka rubuta wa ɗalibai, inda yatsa ɗaya ke danne tsirkiya ta huɗu yayin da ta uku ke buɗe kuma dole ta ci gaba da amo, nan take za ka ji naman yatsanka yana taɓa maƙwabciya yana kashe ta. A kilasik ina wucewa ba tare da na yi tunani ba. A kurosoba sai na tsayar da yatsu cak a kan tsininsu, na rage farcen hagu har ƙasa, kuma duk da haka wani lokacin sai na ji sautin ya shaƙe.

Akwai wata matsalar kuma da ba a cika faɗa ba. Don a samu sarari tsakanin tsirkiyoyi a kan siririn wuya, sai a tura ta ɗaya kusa da baki. In ka fizge ta da yatsan hagu don fitar da sauti na biyu ba tare da ka sake kaɗawa ba, tana iya zamewa ta faɗa gefen wuyan. Tawa tana yin haka a gaɓa ta biyar zuwa ta bakwai idan na yi garaje. Na koyi fizgar da sauƙi, amma abu ne da ban taɓa fama da shi a kilasik ba.

Hannun dama kuwa shi ne ya fi yin asara, kuma abin mamaki shi ne ba a ambatonsa a tallace-tallace. Tsirkiyoyin kilasik a tsaye suke da tsayi daga wuya: a gaɓa ta 12, kusan milimita huɗu a ɓangaren kauri, uku a ɓangaren siranta. Baƙo zai ce an yi kuskuren saiti. Ba kuskure ba ne, filin da ake ba tsirkiya ne don mai kaɗawa ya tura ta ciki, wajen fuskar jita, ya sake ta, yatsan ya je ya jingina da ta kusa. Daga wannan bugun jingina ne kilasik ke samun muryar nan mai kauri da ke cika ɗaki ba lasifika. Kurosoba ana kwantar mata da tsirkiya ƙasa don ta yi daɗin dannawa, to da zarar ka nutsa yatsa da ƙarfi sai ta fara zizar ƙarfe a kan gaɓoɓi. Tana da iyakar da ba ta so ka wuce. Ka kaɗa ta a hankali, ta yi maka zaƙi. Ka nemi ta ɗaga murya, ta ƙi. Na sa an ɗan ɗaga mini ƙashin jaki, abin ya ragu, amma kowane ɗagi yana rage sauƙin da na saye ta dominsa. Taura biyu dai ba ta taunuwa.

Maganar sauti ba tare da wayar lasifika ba, gara in faɗe ta kai tsaye: kilasik ta fi ta, kuma ba kusa ba. Siffar kilasik ta yau daga hannun Antonio de Torres ta fito, maƙerin nan ɗan Almeriya a Sifen wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892. Shi ya faɗaɗa jiki, ya sirantar da fuska, ya inganta jerin haƙarƙarin da ake yi mata a ciki kamar buɗaɗɗen mafici. A 1862 har ya ƙera wata jita da baya da gefuna na kwali, don ya nuna cewa fuskar ce ke waƙa, kuma tana nan a gidan adana kayan kiɗa na Basalona. Duk abin da ke cikin wannan tsari an yi shi ne don ɗan ƙarfin da tsirkiya mai sassauci ke da shi ya iya girgiza katako. A zamaninsa ma da hanji da siliki ake yin tsirkiya. Nailan sai a ƙarshen shekarun 1940 ya shigo, lokacin da maƙerin jita Albert Augustine a New York ya yi aiki da zaren kamfanin DuPont, shahararren makaɗin kilasik Andrés Segovia na gwadawa yana ba shi shawara. Kurosoba tana taɓa wannan tsari ta wurare da dama a lokaci guda. Yankan kafaɗa yana rage iskar ciki. Da yawansu jikinsu bai kai na kilasik zurfi ba. Ana ɗan ƙara wa fuska nauyi don kada ta riƙa kuka in an haɗa ta da lasifika. Waɗanda wuyansu ke haɗuwa da jiki a gaɓa ta 14 kuma, jakinsu yana matsowa sama wajen rami, ya bar tsakiyar faffaɗan ɓangaren fuska inda katako ya fi motsi. Kowane ɗaya shi kaɗai ƙaramin abu ne. In suka taru, sai ka samu jita mai tsabtar sauti, kowace tsirkiya daidai da 'yar'uwarta, amma tsirkiyoyin kauri ba su da wannan gurnani da kake ji a ƙirjinka, kuma amo yana mutuwa da wuri.

Wani abin da na fi kewa shi ne launi. A kilasik in na kai hannu kusa da jaki sauti ya yi kaifi kamar zai yanka, in na dawo kan rami ya yi laushi ya yi duhu, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai hanya mai tsawo. A kurosoba hanyar gajera ce. Ko'ina ka kaɗa, kusan murya ɗaya take ba ka.

To amma soka mata waya. Nan take labari ya juya, domin asalin dalilin zuwanta duniya ke nan. Jitar kilasik a gaban makirufo, kusa da ganguna da lasifikar da ke fuskantar makaɗi, azaba ce: ko ba a jin ta, ko ta fara ihu. Wannan ne ya sa kamfanin Gibson ya fito da samfurin da aka sa wa sunan makaɗi Chet Atkins a 1982, jitar nailan mai jiki kusan toshe, wadda ba ta da wani amo sai an haɗa ta. Godin ta Kanada ta biyo da Multiac a 1993, har da wadda ake haɗawa da na'urar sauya sauti. Daga baya Taylor da Yamaha da Cordoba suka kawo masu ramin ciki na sosai da za a iya kaɗawa a ɗaki kuma a hau dandali da su. Duk abubuwan da na lissafa a matsayin rashi a sama, a dandali riba ne. Fuska mai nauyi ba ta saurin kuka. Gurnanin da babu shi, da ma shi mai haɗa sauti zai fara yankewa don ya bar wa jitar bas wuri. Daidaiton tsirkiyoyi yana sa kowane sauti ya fito a fili. Na raka mai waƙa da ita tare da makaɗa huɗu, ban taɓa roƙon a ƙara mini ƙara ba, abin da ban isa in yi da kilasik ba.

Na'urar da ke ƙarƙashin ƙashin jaki ita kaɗai tana da wani sauti mai kama da roba, musamman a farkon bugu, kuma nailan yana fallasa shi fiye da ƙarfe. Shi ya sa nake ganin wadda aka haɗa mata da makirufo na ciki ta cancanci ƙarin da ake nema a kanta. Ina buɗe makirufon kamar kashi ɗaya cikin huɗu, in rage kaifi kaɗan, sai iska ta shigo cikin sautin. In wurin na da hayaniya sai in rufe shi gaba ɗaya in toshe ramin da marfin roba. A ɗakin ɗaukar sauti kuwa, inda shiru yake kuma akwai makirufo mai kyau, kilasik nake ɗauka ba tare da shawara ba.

Tsirkiya tana gyara wani abu. Na bar masu matsakaicin ja na koma masu ƙarfin ja, domin ba sa lilo sosai, zizar ta ragu, kuma hannun da ya saba da ƙarfe yana jin abin da zai tura. Ta uku a nailan sananniya ce da dusashewa, a kurosoba kuma abin ya fi fitowa, sai na sa ta kabon, irin su Alliance na kamfanin Savarez, wadda ta fi siranta da haske. Sirantar ma ta ƙara mini ɗan fili a wuya. Sabon nailan kuwa sai ya yi kwanaki yana miƙewa kafin ya zauna, kada ka canza shi ana gobe wasa. Gargaɗi ɗaya da ba wasa a ciki: ganin wuyanta ya yi kama da na jitar ƙarfe, kuma da yawansu suna da sandar ƙarfe a ciki ta daidaita wuya, kada ya ruɗe ka ka ɗaura mata tsirkiyar ƙarfe. Sandar wuya take tsarewa. Jaki manne yake da gam a kan fuskar da aka yi wa lissafin kilo 40, in ka ɗora mata kusan ninki biyu, ko ya ɓalle ko fuskar ta kumbura.

Masu kaɗawa da ɗan fallen roba su ma su sani cewa yawancin waɗannan jitoci ba su da abin kare fuska, kuma sida katako ne mai taushi, ko farce yana barin masa tabo. Duk wanda ya ga hoton jitar Martin N-20 ɗin da mawaƙin Amurka Willie Nelson ke riƙe da ita tun 1969, da ramin da roba ta huda mata kusa da jaki, ya san inda abin ke kaiwa. Akwai farar leda mai mannewa da masu filamenko ke sawa, ita na sa wa tawa.

Dalilin da na fi ji a bakin masu saye shi ne ƙananan hannuwa, ko kuma zafin yatsa ga sabon ɗalibi. Na zafin yatsa gaskiya ne, nailan ya fi tausayi, amma kilasik ma nailan ce. Na ƙananan hannuwa kuwa ban yarda da shi ba sosai. Abin da ke wahalar da ƙaramin hannu yawanci miƙa ne a tsawon wuya, daga gaɓa ta ɗaya zuwa ta huɗu ko ta biyar, kuma tsawon tsirkiyar kurosoba da yawa daidai yake da na kilasik, milimita 650 ko kusa da haka. Ba abin da ka rage. Akwai kilasik masu tsawon 640 da 630, akwai ma ƙanana da ake yi wa yara, kuma su ne maganin wannan. Yara 'yan shekara goma suna kaɗa wuya mai faɗi lafiya lau in an zaunar da su daidai, an ɗaga kan jitar, babban yatsa na baya. Wanda burinsa kiɗan kilasik ne, da karatun nota da malami, in ya fara da kurosoba zai koyi riƙon da daga baya sai an kwance masa, kuma ba zai taɓa jin abin da hannun damansa ke iya fitarwa ba, domin jitar ba za ta nuna masa ba.

Wanda aka ƙera wa ita daban ne. Mutum ne da ya riga ya yi shekaru da jitar ƙarfe ko ta lantarki, yana son laushin nailan a waƙa biyu ko uku cikin wasansa, ba ya son ya sake koyon riƙo, yana tsaye da maɗauri a kafaɗa, kuma waya na soke. Ko mai jaz da bosa noba da ke yawo can ƙasan wuya inda kafaɗar kilasik ke tare hanya. Ko wanda ciwon gaɓɓai ya fara hana shi danne ƙarfe amma bai shirya ajiye kiɗa ba. Ga waɗannan ina ba da shawararta da zuciya ɗaya. Ni kaina in zan fita wasa ita ke shiga jaka, in na dawo gida na zauna ni kaɗai kuma hannuna kilasik yake nema.

Sunan kurosoba kansa ya rufe abubuwa mabambanta, saboda haka kada a saya da suna. Yamaha ta raba nata gida biyu a fili: NTX mai wuya 48, haɗi a gaɓa ta 14 da siririn jiki, sai NCX mai wuyan kilasik na 52 da haɗi a ta 12, amma da yankakkiyar kafaɗa da na'ura. Ga mai kilasik da ke son hawa dandali kawai, NCX ɗin ce ta fi kusa da buƙatarsa, ba ya buƙatar siririn wuya ko kaɗan. Fusion na Cordoba akwai na 12 akwai na 14, kuma in har za ka riƙa kaɗawa ba waya ko da rabin lokaci ne, ni na 12 zan ce ka duba. Na Taylor faɗinsu inci ɗaya da bakwai bisa takwas ne, wato kusan 47.6, kuma a hannu sun fi kowa kama da jitar ƙarfe. Multiac kuwa kayan dandali ce zalla, kada ka saye ta don zaman ɗaki.

In ka samu dama ka riƙe ta kafin ka biya, kada ka fara da abin da ka fi iyawa, domin kowace jita tana da daɗi a kansa. Danna kod ɗin C a gaɓoɓin farko, ka kaɗa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya a hankali, ka saurara ko ta uku da ta ɗaya suna fita tsaf. Je gaɓa ta bakwai a tsirkiya ta ɗaya ka fizge ta da ƙarfi sau da yawa, ka ga ko za ta faɗa gefe. Buga ta shida da babban yatsa iya ƙarfin da za ka yi amfani da shi a gaban mutane. Sannan ka nemi a haɗa ta da lasifika irin wadda za ka yi aiki da ita, ka juya ka fuskance ta, ka ƙara ƙara har ta fara kuka, ka lura a wane mataki ta fara.